Ingilishin Shanu na Alhaji Hamadu

Samarin unguwarmu ta Jambutu suna ganin abin da nake yi ba aiki ba ne. Suna wucewa ta ƙofar shagona da yamma, su gan ni a benci tare da wani dattijo mun duƙufa a kan kwalin maganin ƙwari, sai su yi murmushi. Ɗan maƙwabcina ya taɓa tsayawa ya ce mini, "Baba, ai yanzu Ingilishi yana cikin waya, kowa ya danna ya ɗauka." Na ce masa haka ne, tuwo ma yana cikin waya, na gan shi da idona har da miyar kuka, amma ban ga wanda ya ƙoshi da shi ba.

Sana'ata ita ce koya wa manya Ingilishi. A Garwa makaranta da ofis na Faransanci ne, kasuwa ta Fulatanci ce, Hausa kuma muna yin ta a gida da tsakaninmu 'yan kasuwa. Saboda haka babu mai zuwa wurina don sha'awa. Wanda ya zo, wata bukata ce ta koro shi: zai tafi Yola ko Kano saro kaya, ko ya gaji da tafinta mai faɗin rabin magana. Ni kaina ban yi zurfi a makaranta ba. A bayan motar kaya na fara tsintar Ingilishi, lokacin da nake bin kawuna Mubi.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai benci, almakashi, gam, da jan biro. Akwai tabarau na aro a cikin gwangwani, domin dattijo ba ya yarda cewa idonsa ya yi rauni, sai dai ya ce takardar ce ba ta fita da kyau. Sai kuma kwalaye. Kowane kwali sana'a ɗaya ce: na kayan babur, na yadi, na taki da maganin gona, na shanu. Abin da ke ciki takardu ne da na tara daga kayan da ke shigowa daga Najeriya, irin 'yar takardar da ake naɗewa cikin kwalin magani, da rubutun jikin buhu, da ɗan littafin da ke zuwa tare da sabon inji, da tsohuwar jaridar da aka ƙunsa kaya da ita. Wanda ya ga ina tsintar su a kasuwa zai ɗauka bola nake kwasa.

Wajen Malam Garga na koyi aikin. Mutumin Mora ne, ya daɗe yana yi wa fatake tafinta kafin ƙafarsa ta hana shi tafiya. Na yi damina da rani a wurinsa ban koya wa kowa ko kalma ɗaya ba, sai yanka takarda da rarraba ta. In na jefa takardar taki a kwalin babur, ba ya faɗa. Zai miƙo mini ita kawai ya ce, "Wannan baƙo ne a gidan nan, raka shi gidansu." Ƙa'idarsa ɗaya ce. Mai koyo ya shiga ta ƙofa ɗaya, ya yi ta karanta abu iri ɗaya har kalmomin su riƙa dawowa da kansu. Yakan ce mutumin da ka gani sau ɗaya a tasha ka manta da shi kafin ka isa gida, amma wanda kuke haɗuwa kullum a masallaci ɗaya za ka san sunansa ba tare da ka tambaya ba.

Masu ƙin wannan ƙa'ida suna nan, kuma na ga yadda suke ƙarewa. Wani ɗan kasuwar Kuseri, mai Larabci da Faransanci da Hausa a baki, ya ce shi ba yaro ba ne da za a ba shi kwalin sabulu. Ya sayi ƙamus ƙato ya fara hadda daga shafin farko. Da ya je Kano, ya san sunan wata dabba mai cin tururuwa da shi kansa bai taɓa gani ba, amma bai san yadda zai ce a rage masa ba. Ya dawo ya zauna a benci, ya ce, "Ina kwalin sabulun nan?"

Shekarar da aka rufe iyaka ita ce mummunar shekarata. Hare-hare sun riga sun tayar da mutane daga wajen Mora, ga hanyar Najeriya kuma ta toshe. Wanda ba zai yi tafiya ba, me zai yi da Ingilishi? Bencina ya zama wurin hutawar awakin unguwa. Malam Garga ya riga ya rasu, babu wanda zan yi wa ƙorafi. Gara ta shiga kwalin yadi ta cinye shi daga ƙasa, ban ankara ba sai da na ɗaga shi gindin ya zauna a inda yake.

Ina cikin share wannan ɓarnar ne Alhaji Hamadu ya sauka daga bayan babur. Allah ya jiƙansa, daminar nan da ta wuce muka binne shi a Ngong. Dillalin shanu ne a kasuwar can, ƙaton mutum mai sanda, kakanninsa fataken Kano ne da suka zo suka zauna. Ya yi makaranta kaɗan yana yaro, yana iya haɗa baƙi in ba a matsa masa ba. Wanda ya kawo shi a babur ɗan marigayi ƙaninsa ne, Idirisu, mai gyaran firij a nan Garwa.

Alhaji ya dubi shagon, ya dubi awaki, ya ce, "Kai ne mai sayar da Ingilishi?"

Na ce, "Ni ne, Alhaji. Amma ba a buhu ake ɗauka ba."

"A me ake ɗauka?"

"A benci."

Ya kori akuya da sanda ya zauna. Ya ce, "Idirisu, gaya masa abin da ka jawo mana."

Idirisu ya yi bayani yana kallon ƙasa. Yana neman wata ma'aikaciyar jinya, Ramatu, kuma ita ma tana son sa. Iyayenta Musulmi ne daga yankin masu Ingilishi na ƙasar nan, rikicin can ya koro su Garwa. Mahaifinta tsohon malamin makaranta ne, mutanensu suna ce masa Pa Isiyaku. Bai ƙi Idirisu ba, amma ya kafa sharaɗi. Ya ce 'yarsa ba ta jin Hausa, ba ta jin Fulatanci, Faransancinta na wurin aiki ne kawai. Ran da mijinta ya ɓata mata rai, wa za ta kai wa ƙara? Shi mijin ne zai fassara ƙarar da aka kai shi? Ya ce ba zai ba da ita ba sai ya ga babba a dangin ango wanda zai ji maganarta da kunnensa, ba tafinta a tsakani. Kuma bayan ƙaramar salla zai kwashe iyalinsa su koma Yawunde wajen babban ɗansa. In ba a samu wannan babban ba, da Ramatu za a tafi.

Alhaji ya ce, "Babban da ya rage wa yaron nan ni ne. Uban babu, uwar babu. Ka ga inda tsiya ta kai shi."

Na haɗa masa sabon kwali na gida da iyali. Na nemo tsofaffin littattafan 'yan firamare, masu uwa da uba da gaisuwa da cin abinci. Yana zuwa ranakun da ba kasuwar shanu, ya zaɓi tabarau daga gwangwani bayan ya zagi ƙanƙantar rubutun, mu fara. Kafin mu kai ƙasan shafi ya fara gyangyaɗi. Wata rana ya farka ya dubi hoton da ke gabansa ya ce, "Malam, yaron nan har yanzu bai gama wasa da ƙwallon nan ba? Ba shi da aiki a gidansu?" Abin da muka karanta ranar Litinin, ranar Alhamis babu ko ƙurarsa.

Abin da ya cece mu takardar da ya ƙunso goronsa ce. Na fita alwala, na dawo na same shi ya warware ta a gwiwa yana bin ta da yatsa. Ta maganin tsutsar ciki ce, da hoton saniya a sama. Ya ce, "Wannan kalmar ta fito nan, ta fito nan, ga ta kuma a ƙasa. Ina jin ita ce allura." Ita ce kuwa. Na ture littattafan firamare gefe na jawo kwalin shanu.

A nan ne samari suke ganin sauƙi, don ba su ga abin da ake yi ba. Ba a miƙa wa mutum kwali a ce ya karanta. Sai ka jera takardun tun da safe, wadda za ta biyo baya ta kasance tana ɗauke da yawancin kalmomin ta farko, da baƙi 'yan kaɗan. Sai ka riƙe bakinka in ya tsaya a kan kalma, ka bar shi ya duba hoto, ya duba abin da ke gabanta da bayanta, ya tuna abin da shi kansa yake yi wa saniya mai irin wannan ciwon. In ka yi saurin gaya masa, ka sace masa ita. Jan biro kuma shi ke riƙe da shi, yana zagaye kalmar da ya taɓa haɗuwa da ita. Takardar farko ta cinye mana yamma guda. Da aka yi nisa, sai ya zama jan ya fi baƙin yawa a shafi, yana wuce zazzaɓi da kaska da gudawa kamar yana gaisa da maƙwabta.

Ranar da na san aikin ya kama ita ce ranar da ya fara faɗa da takarda. Ɗan littafi ne na kiwo, mai hotuna. Ya karanta wani wuri, ya cire tabarau, ya ce, "Wanda ya rubuta wannan bai taɓa riƙe igiyar saniya ba. Wai a auna nauyinta kafin a ba ta magani. A ɗora ta a kan me, a kaina?" Mutum ba ya gardama da abin da bai fahimta ba. Tabarau ɗin nan ya tafi da shi gida ranar, ya ce zai dawo da shi. Bayan sadakar bakwai ne iyalinsa suka aiko mini da shi a cikin leda, an ɗaure hannunsa ɗaya da zare.

Ƙa'idar Malam Garga tana da kashi na biyu. In mutum ya zauna daram a ɗaki ɗaya, sai a buɗe masa na kusa: daga shanu zuwa awaki, daga nan zuwa ciwon mutane, zuwa abinci, zuwa gida. Alhaji ya ƙi motsawa. Na kawo masa takardar maganin yara, ya juya ta gaba da baya ya ce babu hoton kowa a jiki. Na ce lokaci yana tafiya, azumi ya kusa. Ya ce, "Ni a nan na sauka, Malam. Ka ƙaro mini na shanu."

Idirisu ya fi kowa shiga damuwa. Ya ce, "Baffa, aure za ka nemo mini fa. Ba kasuwar Ngong za mu je ba."

"Da kasuwar Ngong ce da tuni na sayar da kai na huta."

Sai Idirisu ya nemo wa kansa mafita. Ya samo wani dogon jawabi na neman aure a waya, ya kwafe, ya riƙa biya wa baffansa a kan babur. Alhaji mutum ne mai kaifin hadda tun daga makarantar allo, ya ɗauke shi tsaf. Na saurara sau ɗaya. Jawabi ne mai kyau, sai dai mai faɗinsa bai san inda kalma ta ƙare wata ta fara ba. Na gaya wa Idirisu cewa hadda irin wannan ba ta jure tambaya. Ya ce wa zai yi wa dattijo tambaya a tsakiyar jawabi.

Muka tafi ana saura kaɗan a fara azumi, bayan la'asar, da goro da alawa a leda. Gidan haya ne a bayan kasuwa. Idirisu ya tsaya a waje ƙarƙashin dogonyaro tare da babur ɗinsa, kamar yadda ya kamata ga mai neman aure. Pa Isiyaku ɗan siririn tsoho ne mai farin gemu. Ya zaunar da mu a tabarma, aka kawo shayi, ya dube ni ya ce da Ingilishi, "Malam, na ji labarinka. Yau bakinka na shayi ne kawai." Na ce na ji.

Alhaji ya gyara zama ya fara jawabi. Ya gai da gida mai daraja, ya ambaci furen da ya gani a lambun gidan. Gidan ko ciyawa babu. Yana shirin shiga wurin da zukata biyu suke haɗuwa sai Pa Isiyaku ya ɗaga hannu.

"Wa ya rubuta maka wannan?"

Alhaji ya dube ni. Na dubi shayina.

Pa Isiyaku ya sake magana, a hankali. "Bar jawabin. 'Yata baƙuwa ce a gidanku. Me za ka yi mata?"

Daga waje na ji Idirisu yana kaɗa makullin babur. Alhaji ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Sannan ya buɗe baki, da Ingilishin da yake da shi. Ga abin da ya faɗa, na mayar da shi Hausa ban gyara masa komai ba.

"Sabuwar saniya, daga wata ƙasa. Kada a haɗa ta da garke nan da nan. A ajiye ta kusa da gida, wuri mai tsabta, mai inuwa. A ba ta abincin da ta sani. A canza abinci a hankali. A duba idonta safe da yamma. In ta daina ci, akwai matsala. Kada a jira."

Ni dai na ƙura wa kofina ido. Pa Isiyaku bai motsa ba. Ya ce, "In bijimin ne matsalar fa?"

"A ɗaure shi," in ji Alhaji. "In bai daina ba, akwai wani aiki da ake yi masa. Yana shafi na gaba, da hoto."

Daga bayan labule wata dattijuwa ta tuntsire da dariya, aka ji wani ya toshe mata baki. Mai gidan bai yi dariya ba. Ya ce, "'Yata ba saniya ba ce, Alhaji."

"A'a. Saniya ba ta magana, sai na duba. 'Yarka tana magana. Zan ji kaɗan. Sauran zan duba."

Pa Isiyaku ya daɗe yana kallonsa. Sai ya juya wajen labule ya kira Ramatu. A wajenmu ba a fito da yarinya ranar neman aurenta, amma gidansu ne, al'adarsu ce. Ta fito ta durƙusa a bakin ƙofa, mace ce mai natsuwa, da kayan aikinta a jiki. Uban ya ce mata, "Ga baffan yaron nan. Kawo masa ƙara, ta gaskiya. Kuma ki yi magana yadda kike yi da ni, kada ki rage gudu."

In ta ce Idirisu ba ya cika alkawari, ko ba ya kula ta, ko wani abu na zuciya, shi ke nan, babu ko ɗaya a kwalin shanu. Sai ta yi magana da sauri, irin ta mutanen can, har ni sai da na kasa kunne sosai. Ta ce Idirisu yana tari tun lokacin sanyi, yana ɓoyewa. Ta ce an gwada shi a wurin aikinta an ba shi magani, ya sha na kwana kaɗan ya ce ya warke, sauran yana yawo da shi a aljihu. Ta ce ba ya cin abinci sosai, kuma in ta yi magana sai ya yi dariya.

Ban juya na dubi Alhaji ba, don kada a ce na yi masa alama. Muryarsa kawai na ji, da Ingilishi.

"Yana rama?"

Ta ce yana rama.

"Da zazzaɓi?"

Ta ce wani lokaci, da yamma.

Ya mayar da hularsa, ya dafa sanda ya miƙe. Ya leƙa ƙofar gida ya ce da Hausa, "Idirisu, zo nan."

Idirisu ya shigo yana murmushi, yana tsammanin an gama. Baffan ya kama shi a haɓa ya juya fuskarsa wajen haske, ya ja fatar idonsa ƙasa da babban yatsa.

"Tari kake ɓoye mini? An ba ka magani ka mai da aljihunka kantin magani? Buɗe baki."

"Baffa, a gidan surukai muke."

"Na san inda muke, ni na kawo ka. Buɗe."

Mutum mai gemu, mai shagon kansa, ya buɗe baki a gaban matar da yake nema da ubanta. Alhaji ya leƙa, ya girgiza kai, ya sa hannu a aljihun rigar Idirisu ya zaro ledar ƙwayoyi. Ya miƙa wa Ramatu ya tambaye ta da Ingilishi nawa ake sha. Ta ɓallo masa. Ya waiga yana neman ruwa, bai ga komai ba sai kofin da ke hannuna. Da shayina Idirisu ya haɗiye maganin, yana tsaye, idonsa a rufe.

Pa Isiyaku ba ya jin Hausa ko kaɗan, kuma bai nemi a fassara masa ba. Ya juyo wajena ya ce, "Malam, gaya masa," sai ya tsaya. Ya mai da fuskarsa ga Alhaji ya ce masa kai tsaye, "Sai ya shanye duka. Ko ya ji sauƙi."

"Ko ya ji sauƙi," in ji Alhaji. "In ya ƙi, a ɗaure shi."

Tsohon ya jawo ledar da muka kawo zuwa gabansa, ya zaɓi goro fari, ya ɓare, ya miƙa wa Alhaji rabi.